Shehu Abdullahi da tsanin da yaran Madawa, Buza da Keita suka rasa

Ranar 7 ga Oktoban 2017, a filin wasa na Uyo, Najeriya ta doke Zambiya da ci 1-0, ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta samu gurbi a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha. Sunan da ya zauna a bakin mutane shi ne na Alex Iwobi, wanda ya jefa ƙwallon a raga. Amma wanda ya kutsa ta gefen dama, ya mayar masa da ita a ƙafa, mai tsaron baya ne ɗan Sakkwato, Shehu Abdullahi. Haka rabon ɗan wasan baya yake. Idan ya yi aikinsa, wani ake ɗauka a kafaɗa. Idan ya yi kuskure sau ɗaya, shi ake tunawa.

Daga Madawa zuwa Sakkwato, ta Ƙonni da Illela, tafiyar ba ta kai kilomita 200 ba. Daga Madawa zuwa Yamai kuwa kimanin kilomita 500 ne. Harshe ɗaya, tuwo ɗaya, rana ɗaya ke dukan yaran da ke buga tamaula a bayan gari a ɓangarorin biyu na iyaka. Don haka tarihin Shehu ya fi tarihin kowane tauraron Turai dacewa da matashin Madawa, Buza ko Keita. Abin da tarihin ke nunawa kuma a fili yake: Shehu ya isa Turai ne saboda ya tarar da tsani a gida, ya hau shi mataki-mataki. Yaran Adar suna da ƙafa da ƙarfin zuciya, matakan farko na tsanin ne babu.

Yadda Shehu ya hau

An haifi Shehu Abdullahi a Sakkwato ranar 12 ga Maris 1993. Ya yi suna a Kano Pillars, wadda ta lashe gasar Firimiyar Najeriya a 2012 da 2013 yana cikinta. Wanda ya taɓa shiga filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ranar wasan "Sai Masu Gida" ya san abin da wannan ke nufi ga saurayi ɗan shekara 19: dubban 'yan kallo da ba sa yafe kuskure, tafiye-tafiye masu nisa a mota, da 'yan wasan gaba da suka girme shi da shekara goma. A nan ya koyi sana'ar.

Daga Pillars aka kira shi tawagar 'yan ƙasa da shekara 20, wadda ta je gasar duniya a Turkiyya a 2013. A farkon 2014 marigayi Stephen Keshi ya tafi da shi Afirka ta Kudu gasar CHAN, wadda 'yan wasan da ke bugawa a cikin ƙasarsu kaɗai ke shiga, Najeriya ta zo ta uku. Sai bayan wannan ne ya fita waje, kuma bai fara da babbar ƙofa ba. Ya je Qadsia ta Kuwait, daga nan União da Madeira ta Portugal a 2015, sai Anorthosis ta Cyprus a 2016. A Janairun 2018 Bursaspor ta Turkiyya ta ɗauke shi. A 2020 ya koma Cyprus, inda ya lashe gasar ƙasar da Omonia a kakar 2020/2021, da kofin ƙalubale a 2022. Ya ɗan taɓa Levski Sofia ta Bulgeriya, kafin ya dawo Kano Pillars a kakar 2023/2024.

A rigar ƙasa, yana cikin tawagar Samson Siasia da ta je gasar Olamfik ta Rio a 2016, wadda ta maƙale a Atlanta saboda matsalar jirgi, ta sauka Manaus sa'o'i kaɗan kafin wasa, kuma ta doke Japan da ci 5-4. Tawagar ta ƙare da lambar tagulla bayan doke Honduras 3-2, kuma ita ce lamba ɗaya tilo da Najeriya ta samu a Rio. Ranar 16 ga Yunin 2018 Gernot Rohr ya fara da shi a wasan farko na kofin duniya da Kuroshiya a Kaliningrad.

Tafiyar ba ta rasa tuntuɓe ba. União da Madeira ta faɗi daga rukunin farko a 2016. Bursaspor, wadda ta taɓa lashe gasar Turkiyya a 2010, ta faɗi a 2019 yana cikinta. A gasar cin kofin Afirka ta 2019 a Masar ya ji rauni tun a wasan farko da Burundi, wasu suka gaje gurbinsa. Bai taɓa bugawa a Ingila, Sifaniya, Italiya, Jamus ko Faransa ba. Duk da haka ya ci abinci da ƙafarsa a ƙasashen waje kusan shekara goma, da kwantiragi a rubuce, ya kuma dawo gida da mutuncinsa. Wannan ya fi abin da mafi yawan masu mafarkin Turai ke samu nesa ba kusa ba.

Me ya sa mai tsaron baya ya fi kowa bukatar tsani

Ɗan wasan gaba yana iya sayar da kansa da bidiyon minti uku a WhatsApp: yanka biyu, ƙwallo uku, shi ke nan. Aikin mai tsaron baya ba ya shiga bidiyo. Sanin inda za a tsaya, lokacin da za a fita da lokacin da za a ja da baya, riƙe layi da abokan wasa don a kama abokin hamayya a satar gida, magana da mai tsaron raga, haƙurin minti 90 ba tare da an ɗauke hankali ba, duk waɗannan ba a koyonsu sai a wasanni masu yawa, a ƙarƙashin koci, da alƙalin wasa na gaske, a gasar da ke da maki da teburi. Masu neman 'yan wasa ma ba sa sayen ɗan baya sai sun kalle shi sau da dama.

Wani zai kawo misalin Zaidu Sanusi, ɗan Jega ta jihar Kebbi, wanda ya tafi Portugal yana matashi ba tare da ya yi suna a gasar Najeriya ba. To amma shi ma tsani ya hau, a can. Ya yi shekaru a ƙaramar ƙungiyar Mirandela, ya wuce Santa Clara a 2019, sannan Porto a 2020, kafin ya ci ƙwallon da ta ba Porto kofi a gidan Benfica ranar 7 ga Mayun 2022. Babu mai tsaron bayan da ya tsallake matakan nan. Ko dai ya hau su a gida kusa da iyayensa, ko ya hau su a baƙuwar ƙasa cikin sanyi da kaɗaici, inda waɗanda suka zame ba a jin labarinsu.

Bayan Mena daga ina yake fitowa?

Nijar ta san darajar tsaron baya, domin da shi ta samu duk abin da ta samu. A Oktoban 2010 Mena ta doke Masar, mai riƙe da kofin Afirka, da ci 1-0 a Yamai, ƙwallon Moussa Maazou. Da irin wannan taurin kai a gida tawagar Harouna Doula ta samu gurbin gasar 2012 a karon farko, ta bar Afirka ta Kudu da Masar a baya. A gasar 2013, ƙarƙashin Gernot Rohr, wanda daga baya ya horar da Shehu a Najeriya, makin farko da Nijar ta samu a tarihin gasar canjaras ne babu ci da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. A gasar CHAN da aka yi a Aljeriya a farkon 2023, Mena ta buga wasa uku ba a zura mata ƙwallo ba, ta doke Kamaru 1-0 da Ghana 2-0, kafin mai masaukin baƙi ta lallasa ta 5-0 a wasan kusa da na ƙarshe.

Sai dai idan aka duba waɗanda suka riƙe bayan Mena a shekarun nan, za a ga da dama a waje aka haife su. Koffi Dan Kowa a Accra, Mohamed Chikoto a Parakou ta Benin, Hervé Lybohy a Kodebuwa. Babu laifi a cikin wannan. Sun sa rigar ƙasa, sun yi mata gumi, kuma yankin da 'ya'yansa suka bazu a Abidjan, Kumasi da Legas shi ne na ƙarshe da zai yi wa ɗan da aka haifa a waje gori. Abin tambaya shi ne me ya sa hanyar Accra zuwa Mena ta fi hanyar Buza zuwa Mena sauƙi.

Amsar tana cikin taswirar ƙwallon Nijar. Manyan ƙungiyoyin ƙasar, irin su AS FAN, AS GNN, AS Douanes, USGN, Nigelec, Sahel da Olympic, duk a Yamai suke, kuma da yawansu na sojoji ne, jami'an tsaro ko kamfanonin gwamnati. A can albashi yake, a can kocin ƙasa ke kallon wasa. Yaron Keita da ya fi kowa iya tare ƙwallo a gasar babban hutu yana buga wasa na 'yan makonni a damina, a ba ƙungiyarsa kofi da riguna, sannan a watse. Kaka na yi, ya bi sahun yayyensa zuwa biɗa. Zuwa shekara 20 yana tura baro a Abidjan ko yana aikin gini a Libiya, kuma babu takarda ɗaya a duniya da ke nuna ya taɓa buga ƙwallo.

Kokowa ta riga ta nuna hanya

Masu cewa ƙauye ba zai iya fitar da gwani na ƙasa ba su dubi kokowa. A Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975. Tun daga lokacin ɗan kokowar ƙauye ya san hanyarsa: ya kā da na garinsu, ya je zaɓen gunduma, ya je na jiha, ya shiga cikin goman da za su wakilci jihar a neman takobi, a gaban rediyo da talabijin na ƙasa. Ba ya bukatar dillali, ba ya bukatar fasfo. Shi ya sa manyan 'yan kokowar Nijar suke fitowa daga karkara, manyan 'yan ƙwallonta kuma daga babban birni ko daga ƙetare. Mutanen iri ɗaya ne, tsarin ne ya bambanta.

Keita ma tana da nata darasin. Aikin raya karkara da aka fara a can a 1984 da tallafin Italiya da hukumar FAO ya farfaɗo da ƙasar da ta mutu ta hanyar jera duwatsu, haƙa ramuka, dasa itatuwa da gina madatsun ruwa, shekara bayan shekara. Mata ne suka ɗauki kaso mai yawa na aikin, saboda maza sun tafi cin rani. Mutanen da suka ga tudu ya koma gona sun san cewa abin da ake yi kullum ya fi abin da ake yi sau ɗaya da ganga.

Kuɗin da ake bari a ƙasa

Akwai wani ɓangare na maganar da ya shafi aljihu kai tsaye, wanda masu ƙungiyoyin unguwa da yawa ba su sani ba. Dokar FIFA ta tanadi cewa idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. A ɗauka an sayar da ɗan wasa Yuro miliyan 1. Kashi 5 ɗin Yuro 50,000 ne, wato sama da sefa miliyan 32. Ƙungiyar da ta riƙe shi daga shekara 12 zuwa 15 kaɗai tana da kashi ɗaya cikin biyar na wannan, kimanin sefa miliyan 6 da rabi. Kuma duk lokacin da aka sake sayar da shi zuwa wata ƙasa, sai a sake biya.

Sharaɗin ɗaya ne: sai ƙungiyar tana da rajista da hukumar ƙwallon ƙasa, yaron kuma yana da lasisi da sunanta. Tun Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman a Paris da ke bin tarihin rajistar ɗan wasa a kwamfuta yana biyan waɗannan kuɗaɗe. Ƙungiyar da ba ta cikin rajista ba ta cikin rabo, ko da kocinta ne ya saya wa yaron takalminsa na farko.

Dokar ta kuma hana ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara 18 zuwa wata ƙasa don ƙwallo, sai a wasu 'yan yanayi da aka keɓe. Saboda haka duk wanda ya zo gidan mutum a Madawa ya ce a sayar da gonar albasa ko shanu a ba shi kuɗin biza, zai kai yaro ɗan shekara 16 gwaji Turai, iyaye su san da wa suke magana. Ƙungiyar da ke son ɗan wasa da gaske ita ke aiko da takardar gayyata, ita ke biyan kuɗin jirgi.

Wa zai kafa matakan farko?

Nauyi na farko yana kan hukumar FENIFOOT. Shugabanta, Djibrilla Hima Hamidou, yana kan kujerar tun 2009, kuma a Maris 2025 aka zaɓe shi a majalisar zartarwar FIFA. Shirin FIFA Forward ya ware wa kowace hukumar ƙasa har dala miliyan 8 tsakanin 2023 da 2026. Nijar ta karɓi gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015, da ta 'yan ƙasa da 20 a 2019 a Yamai da Maraɗi, kuma matasanta sun kai zagaye na biyu a gasar duniya ta Indiya a 2017. Hukumar da ta iya waɗannan za ta iya aika mutum da kwamfuta ya zaga Madawa, Buza da Keita ya yi wa ƙungiyoyi da yara rajista, ta horar da koci da alƙalan wasa a kowace gunduma, ta kuma wallafa nawa ne ke fita daga Yamai zuwa jihohi. Masoya ƙwallo na da haƙƙin tambayar wannan lissafi.

Nauyi na biyu na ma'aikatun magajin gari ne, kuma bai fi ƙarfinsu ba: su ware fili, su yi masa takarda don kada a wayi gari an yanka shi fuloti, su kuma sauƙaƙa wa yara samun takardar haihuwa. Yaron da ba shi da takardar haihuwa ta gaskiya ba zai samu lasisi mai inganci ba, kuma rage shekaru ya sha jefa matasan Afirka cikin kunya a gwajin ƙashi na gasar 'yan ƙasa da 17.

Nauyi na uku, wanda ya fi saurin yiwuwa, na 'yan cin rani ne. Adarawa mazauna Abidjan, Kamaru, Libiya, Legas da Turai sun saba haɗa kuɗi su gina masallaci, su haƙa rijiya, su sayi magani. Da yawansu kuma sukan sa kofi idan sun zo hutu, a kira sunansu a lasifika, a yi hoto. Kuɗin kofi biyu ko uku irin wannan, idan aka haɗa su, za su iya riƙe gasar gunduma ta wata shida: kuɗin mota tsakanin garuruwa, ƙwallaye, ɗan alawus na alƙalin wasa da koci, da kuɗin rajista. Zakarun Madawa, Buza da Keita su haɗu a ƙarshe, a gayyaci masu horar da ƙungiyoyin Tawa, Maraɗi da Yamai su zo su gani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ƙungiyoyin 'yan gari da ke waje sun riga sun iya ɗaukar wadda ta fi wannan nauyi.

Ga masu cewa ba lokacin ƙwallo ba ne

Akwai masu ganin wannan magana wasa ce a yankin da ke fama da tsadar hatsi, ƙarancin aji da likita, da 'yan bindigar da ke tsallako iyaka ta ɓangaren Bangi da Sabon Birni. Suna da hujja, kuma babu mai hankalin da zai ce a rufe asibiti a gina fili. Haka kuma gaskiya ne cewa tsani ba ya kai kowa sama. Cikin yara ɗari da za su shiga irin wannan gasa, watakila babu ko ɗaya da zai buga kofin duniya. Gasar Najeriyar da ta fitar da Shehu ita ma tana da nata ciwon, daga bashin albashi zuwa rikicin 'yan kallo.

To amma abin da ake nema a nan bai kai kuɗin rufin aji biyu ba a shekara, kuma ribarsa ba ta tsaya ga wanda ya zama tauraro ba. Matashin da ke da atisaye da yamma da wasa ranar Lahadi yana da dalilin zama a gari a watannin rani, lokacin da zaman fada da shayi ke kai wasu ga ƙwaya, wasu ga hanyar Agadas. Ƙungiya na iya sharɗanta cewa sai mai zuwa makaranta ko mai koyon sana'a zai samu lasisi. Wanda bai zama ɗan wasa ba yana iya zama koci, alƙalin wasa ko malamin motsa jiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shekarun 12 zuwa 17 ne ake asarar yaran nan.

Akwai kuma abin da komawar Shehu gida ke koyarwa. Ya samu inda zai koma ne saboda ƙungiyar da ta rene shi tana nan da ranta, kamar yadda Ahmed Musa ma ya koma Pillars ɗin. Matasan da suka yi atisaye tare da su a Kano sun ga yadda wanda ya buga kofin duniya ke ɗaure takalmi, yadda yake cin abinci, yadda yake magana da koci. Ilimin da aka samo a Bursa da Nicosia ya dawo inda aka fara. Ɗan Adar da zai yi sa'a ya fita a yau, idan ya tashi dawowa, Yamai zai sauka, domin a can ne kawai akwai ƙungiyar da za ta karɓe shi.

Matakin farko bai bukatar jiran kowa. Kafin damina mai zuwa, ƙungiyar 'yan Buza ko 'yan Keita guda ɗaya a Abidjan tana iya zaɓar ƙungiyar unguwa ɗaya a gida, ta biya mata kuɗin rajista da reshen FENIFOOT na Tawa, ta tabbatar kowane yaro ya samu takardar haihuwa da lasisi, ta ɗauki nauyin koci ɗaya ya je kwas. Idan gari uku suka yi haka, an samu gasa. Mai tsaron bayan da Mena za ta nema nan da shekara goma yana da shekara 12 yanzu, kuma abin da ya fi bukata a bana shi ne a rubuta sunansa.